Na'urar sona da neman wurin sakin anga a tafkunanmu

Wani injiniya mazaunin Abuja ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya sayi tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa mita 7, yana koyon sarrafa shi a tafkin Jabi, kuma yana da niyyar jan sa a tirela zuwa tafkin Kainji don ya riƙa kwana a cikinsa. Jirgin ya zo da na'urar sona irin ta masu neman kifi. Yana son ya san ko na'urar za ta nuna masa wurin da zai saki anga, wato ƙarfen da ake zurawa ƙasan ruwa da igiya ya riƙe jirgi, ya yi barci hankali kwance, da yadda ake karanta abin da ke fitowa a allonta, da kuma ko akwai bukatar ya sayi wata mai tsada.

Malam, na'urar za ta amfane ka ƙwarai, kuma ba zan ba kowa shawarar ya kwana a kan ruwan Kainji ba tare da ita ba. Sai dai abubuwa uku ne mai neman wurin anga yake bukatar sani, na'urar kuwa ba daidai ta san su ba. Zurfin ruwa tana faɗinsa da gaskiya, muddin an saita ta yadda ya kamata. Irin ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan, alamarta kawai take bayarwa, sai mutum ya koyi fassara alamar. Ko angar za ta riƙe jirgin idan iska ta taso, wannan ba ta da labarinsa ko kaɗan, angar ce da kanta za ta nuna bayan an gwada ta. Aikina auna zurfi ne a madatsun ruwa da koguna, kuma abin da na fi gani yana jefa masu jirgi cikin wahala shi ne su duba lamba ɗaya a allo, su ga mita 4, su saki anga, su ɗauka magana ta ƙare.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Akwai wani ɗan dunƙule da ake maƙalawa a ƙasan jirgi, wanda zan riƙa kira bakin na'ura. Shi ne ke tura gajeren sauti cikin ruwa, ya saurari amsa-kuwwarsa idan ya bugi ƙasa ya dawo. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu. Tun a 1826 masana biyu, Colladon da Sturm, suka auna wannan gudu a tafkin Janiba, suka sami mita 1,435 a ruwa mai sanyi, bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 kuma aka dukufa neman yadda za a yi aiki da shi, har Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar na'urarsa ta auna zurfi a 1913. Na'urar tana ƙidaya lokacin da sautin ya ɗauka zuwa da dawowa, ta ninka da gudunsa, ta raba biyu. Ruwan tafkunanmu mai ɗumi ne, kuma a zafin digiri 25 zuwa 30 gudun sauti a ruwan daɗi yana dab da mita 1,500 ɗin da ake saita na'urorin a kai, saboda haka kada ka damu cewa taka an yi ta ne don teku. Kuskuren da zai fito daga nan bai wuce 'yan santimita ba a zurfin da ake sakin anga.

Inda ya kamata ka tsaya ka yi nazari shi ne faɗin abin da na'urar take gani. Sautin yana fita ne daga bakin na'ura a tsuke, yana buɗewa yayin da yake gangarawa. A yawancin ƙananan na'urori masu aiki da kilohaz 200 (kilohaz shi ne ma'aunin saurin kaɗawar sauti) buɗewar kusan digiri 20 ce, ma'ana faɗin da'irar da sautin ke taɓawa a ƙasa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na zurfin. A ruwa mai zurfin mita 4, da'irar ba ta kai mita ɗaya da rabi ba. Jirgin da ke kan anga kuwa kamar doki ne a turke: ba ya tsayawa inda aka bar shi, yana kewaya turken iya tsawon igiyarsa, duk inda iska ta kora shi. Mu yi lissafi da naka. Zurfi mita 4, tsayin goshin jirgi daga saman ruwa mita 1, jimla mita 5. Idan igiyar nailan ce da 'yar sarƙa a bakin angar, ana sakin ninki 6 na wannan jimla, wato mita 30. Ƙara tsawon jirgin, mita 7, ka sami mita 37 daga angar zuwa bayan jirgi. Da'irar da jirginka zai iya sharewa cikin dare faɗinta mita 74 ne, filin da ya haura murabba'in mita 4,000, alhali abin da na'urarka ta gani a lokacin da ka tsaya bai kai murabba'in mita 2 ba. Kututture ɗaya a gefen wannan da'ira ya isa ya fasa jirgin faiba da tsakar dare. Don haka abin da ake aunawa shi ne da'irar gaba ɗaya, kuma duk sauran bayanin da zan yi hanya ce ta yin hakan.

Kafin ka bar Abuja ka tabbatar daga ina lambar da ke allo take ƙirgawa. Na'urar daga bakinta take aunawa, bakin kuma yana ƙasa da saman ruwa, yana sama da kil, wato ƙarfen nauyin nan da ke ƙarƙashin jirgin iska don hana shi kifewa. A cikin saitin akwai wurin da ake ƙara ko rage wannan tazara, ta yadda allon zai nuna zurfi daga saman ruwa ko kuma ruwan da ya rage a ƙarƙashin kil. Tunda jirgin na hannu ne, ba ka san abin da mai shi na farko ya saka ba. Ni na fi son a saita daga saman ruwa, domin wannan lambar ce ake lissafin igiya da ita, sannan a rubuta zurfin kil a manna kusa da allo. Idan kil ɗinka mai ɗagawa ne, kamar yadda yake a jirage da yawa da ake ja a tirela, ka rubuta lamba biyu, a sauke da a ɗage. Gwajin kuma mai sauƙi ne: ka tsaya a wuri mai ƙasa shimfiɗaɗɗiya a Jabi, ka zura igiya mai alamar mita da nauyi a bakinta, ka kwatanta da allo a zurfi biyu ko uku daban-daban. Mu a wurin aiki faranti na ƙarfe muke ratayawa a ƙarƙashin bakin na'ura a zurfin da muka sani, mu ga ko allon ya yarda da shi, kuma ba ma fara auna komai sai mun yi wannan.

Wurin da aka maƙala bakin na'ura ma yana da tasiri a jirgin iska fiye da jirgin inji. Idan a bangon baya yake, yakan fita daga ruwa ko ya shiga kumfa duk lokacin da jirgi ya karkata, kumfa kuwa tana toshe sauti gaba ɗaya. Idan cikin jirgin tsantsar faiba ce ba tare da katako ko soso a tsakiya ba, ana iya manna bakin daga ciki, gaba da kil kaɗan kuma ɗan gefe, sautin ya ratsa. Kafin ka manna, ka saka shi a leda cike da ruwa, ka ɗora a wurare daban-daban ka ga inda hoton ya fi fitowa. Jirgin da ya karkata sosai yana harba sautin a gicciye, sai lambar ta ƙi zama daidai, kuma idan ka sa injin a ribas farfela takan tura kumfa ƙarƙashin jirgi har lambar ta ɓace ko ta yi ta tsalle na ɗan lokaci. Saboda haka binciken wurin anga ana yin sa ne bayan an sauke ƙyallen da ke kama iska, jirgi a miƙe, da injin a hankali, gudun da bai wuce kilomita 4 ko 5 a awa ba.

Yanzu karatun allo. Hoton yana tafiya daga dama zuwa hagu, kuma gefen dama kaɗai ne abin da ke ƙarƙashinka a yanzu, sauran duk tarihin inda ka wuce ne. Jirgin da ke tsaye wuri ɗaya zai zana layi miƙaƙƙe ko da a kan tarin duwatsu yake, domin abu ɗaya yake ta maimaitawa, shi ya sa ƙasa ba ta karantuwa sai ana tafiya. Ƙasa mai tauri tana mayar da sauti da ƙarfi, sai layinta ya fito da kauri da launi mai zafi. Laka mai taushi tana shanye sautin, layinta ya fito siriri, launinsa a dushe. Alamar da na fi yarda da ita ita ce amsa-kuwwa ta biyu. Ka buɗe ma'aunin allo ya wuce ninki biyu na zurfin, misali mita 10 idan kana ruwan mita 4. Idan ƙasar mai tauri ce, sautin zai dawo ya bugi saman ruwa da cikin jirgi, ya sake gangarawa ya dawo, sai ka ga layi na biyu a wajen mita 8. A kan dutse wannan layi yana fitowa sarai, wani lokaci har da na uku. A kan yashi yana fitowa da matsakaicin ƙarfi. A kan taɓo yakan ɓace. Amma wannan karatu ba zai yiwu ba idan na'urar tana daidaita ƙarfin jinta da kanta, domin za ta ƙara ji a kan laka, ta rage a kan dutse, har su yi kama da juna. Ka cire saitin kai-da-kai, ka ajiye ƙarfin jin a wuri ɗaya, sannan ka kwatanta wuri da wuri.

Abin da kake nema shi ne matsakaici: yashi mai ƙarfi, ko yumɓu, ko laka mai danƙo, a shimfiɗe, ba tare da tsini ko rami ba. Angar da ta fi yawa a ƙananan jirage ita ce samfurin Danforth mai faffaɗan kunnuwa biyu, kuma a irin wannan ƙasa tana nutsewa ta riƙe fiye da yadda nauyinta ke nunawa. A kan falalen dutse kuwa zamewa take yi, a cikin ciyawa kunnuwanta su cika da tarkace su ƙi shiga ƙasa, a taɓo mai ruwa-ruwa kuma ta yi ta jan layi ba tare da ta kama komai ba. Mafi ha'inci shi ne laka 'yar kaɗan da ta lulluɓe dutse, abin da ake yawan samu a madatsun da ke ƙasar duwatsu irin ta Abuja da Neja. Angar za ta yi kamar ta kama a iska mai sauƙi, ta kuɓuce da zarar iskar ta yi ƙarfi. Idan na'urarka tana tura sauti iri biyu, na kilohaz 200 da na 50 ko 83, ka raba allon ka duba su tare. Sautin babban kilohaz yana dawowa daga saman laka, ƙaramin yana ɗan ratsa ta, don haka idan ƙaramin ya nuna wani layi mai ƙarfi dab da ƙarƙashin na farko, to akwai abu mai tauri a ɓoye.

Duk da haka kada ka raina tsohuwar hanya. Matuƙan jirage na da suna zura darma mai rami a gindi, su cusa kitse a ramin, idan ta taɓa ƙasa ta ɗauko yashi ko laka ko tsakuwa, idan kuma ta dawo fes sun san dutse ne. Guntun bututun ƙarfe da sabulu a bakinsa yana yin wannan aiki. Masunta da gwangwalarsu haka suke jin ƙasa a hannu. Ina ba ka shawara ka yi 'yan makonni a Jabi kana haɗa biyun: ka kalli launin allo, ka zura darma, ka ga abin da launin yake nufi a taka na'urar, domin kowane kamfani da irin launinsa.

Kainji ba tafkin asali ba ne, kuma wannan ne ya sa na'urar ta zama dole a can. An kammala madatsar a 1968, ruwan ya shanye ƙasar noma da daji da garuruwa, har da tsohon garin Bussa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Duwatsun kogin da ke kusa da Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, suna nan a ƙarƙashin ruwan. Tsawon tafkin ya kai wajen kilomita 130, zurfinsa kusa da madatsar ya kusan mita 60, amma matsakaicin zurfinsa wajen mita 11 ne kawai. Ɓangaren kudu matsattse ne, mai zurfi da duwatsu, tsakiyar kuwa, wajen tsibirin Foge, faffaɗa ce kuma ba ta da zurfi sosai. Ba duk itatuwan aka sare ba kafin a cika shi, kuma itace mai tauri da ke cikin ruwan daɗi yana daɗewa bai ruɓe ba. A allo, itacen da ke tsaye yana fitowa kamar ginshiƙi mai gashi-gashi da ya taso daga ƙasa, kututture kuma ɗan tudu ne mai launi mai ƙarfi. Ko da kansu bai kai kil ba, igiyar angarka za ta naɗe su yayin da jirgi ke juyawa, ta gajarce, ta yi ta gogawa har ta tsinke. Idan ka ga ɗaya, ka ɗauka akwai 'yan'uwansa da ba ka bi ta kansu ba, ka matsa gaba.

Sai kuma hawa da saukar ruwan. Tsakanin cikarsa da janyewarsa a shekara, ruwan Kainji yakan sauya da kusan mita 10. Ambaliya biyu ke ciyar da shi: farin ruwa na daminar ƙasarmu, da baƙin ruwa mai tasowa daga tsaunukan Gini wanda ke isowa da rani. Yakan kai ƙarshen janyewarsa a tsakiyar damina. Ma'anar wannan ita ce lungun da ka kwana a ciki lafiya a watan Janairu, da mita 6 a ƙarƙashinka, yana iya zama fili mai kututtura a watan Yuli. Duk wurin da ka ajiye a GPS ka rubuta masa kwanan wata da zurfin da ka samu. A dare ɗaya ruwan tafkin ba ya sauyawa sosai, amma a kogi ƙasa da madatsa sakin ruwa yana iya ɗaga shi da sauri ya ƙara masa gudu, kuma kusa da bangon madatsa da mashigar ruwan injinan lantarki ba wurin anga ba ne ko kaɗan. Idan wata rana ka kai jirgin Legas, can teku ce ke cikowa da janyewa sau biyu a yini da kusan mita ɗaya, sai ka yi lissafin igiya da ruwan cikowa, lissafin kil kuma da ruwan janyewa.

Ga yadda nake so ka yi idan ka isa lungun da ka zaɓa, kuma ka isa da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin magariba. Ka shiga a hankali ka bi ta tsakiyar wurin da kake tunanin sakin angar, ka danna alama a GPS. Daga nan ka kewaya alamar a tazarar da lissafi ya ba ka, mita 37 a misalinmu, ka ƙara mita 10 na ihtiyaɗi, idonka a kan allo. Sai ka sake kewayawa a rabin tazarar, sannan ka ratsa da'irar sau biyu a gicciye. Wannan zai ci maka minti goma ko sha biyar. Kana neman amsar tambaya uku: ina ne mafi ƙarancin zurfi, akwai abin da ya taso daga ƙasa, kuma yaya gangaren yake. Mafi ƙarancin zurfi a duk da'irar ya kamata ya bar aƙalla mita ɗaya a ƙarƙashin kil, fiye da haka idan wurin yana samun raƙuman ruwa, domin jirgin da ke hawa da sauka yana dukan ƙasar da a ruwa kwance ba zai taɓa ba.

Gangare shi ne abin da sababbin masu jirgi suka fi mantawa. A madatsun ruwa tsohuwar hanyar kogi tana nan a ƙasa da gaɓoɓinta, sai ka ga zurfi ya faɗa daga mita 4 zuwa 12 cikin tsawon jirgi biyu. Angar da aka saka a leɓen irin wannan gangare tana riƙewa muddin ana jan ta zuwa tudu. Idan iska ta juya ta ja ta zuwa zurfi, sai ta fice daga ƙasa, igiyar da ta kasance ninki 6 ta koma ninki 2, angar ta yi ta lilo jirgi ya kama hanya. Kududdufan haƙar kuza na Jos haka bakinsu yake, har ma sun fi tsayuwa. Kuma na'urar tana nuna abu mafi kusa da bakinta a cikin da'irar sautin, don haka a kan gangare lambarta ta ɓangaren tudu ce, ramin da ke gefe ba ya fitowa sai ka hau kansa sosai.

Iskar ƙasarmu ta sa wannan magana ta fi nauyi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, kuma takan daɗe a haka. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, amma hadari daga gabas yake tasowa, musamman a farkon damina da ƙarshenta, kuma iskarsa takan faɗo farat ɗaya, sau da yawa da dare. Jirgin da ya kwanta da goshinsa yana kallon yamma zai juya gaba ɗaya cikin 'yan mintuna, ya koma ɗaya gefen da'irar, angar kuma ta sami ja daga bayanta. Ƙarfin iska a jikin jirgi yana ninkuwa sau huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Saboda haka da damina ka zaɓi lungun da ke da kariya daga gabas, ka fi tsananta bincike a gefen yammacin da'irar, inda hadari zai jefa ka, ka kuma tabbata akwai filin ƙara igiya zuwa ninki 8 ba tare da bayan jirgi ya kai gaɓa ba.

Akwai abin da sona ta gama-gari ba za ta nuna maka ba. Kalli da mamari da masunta ke shimfiɗawa ba sa fitowa yadda za ka gane su, haka igiyoyin da aka yasar, haka bututu ko wayar da aka binne. Garken ƙananan kifaye irin warangi yana iya taruwa a ƙarƙashin jirgi har na'urar ta ɗauke shi ƙasa ta nuna mita 2 a ruwan mita 9, burugu da sauran ciyawar ruwa ma suna sa ta ƙirga daga kansu. Idan lamba ta sauya farat ɗaya, ka dubi hoton kafin ka yarda da ita. Game da raga kuwa, maganin shi ne ka sauka a ƙauyen da ke kusa ka gai da sarkin ruwa, ka tambayi inda ake saka taru, inda dorina take fitowa, da inda za a iya kwana lafiya ta fuskar tsaro. Sarkawa da sauran masuntan yankin sun san kututturan lungunansu ɗaya bayan ɗaya, kuma baƙon da ya tsinka ragar mutum da angarsa ya jawo wa kansa rigimar da gaisuwa ɗaya za ta hana.

Idan wurin ya yi, ka fuskanci iska, ka tsayar da jirgi a kan alamar, ka zura angar a hankali har ta taɓa ƙasa. Kada ka jefa ta, kada kuma ka tara mata sarƙa a kai. Ka bar iska ta ja jirgin baya kana sakin igiya daidai da tafiyarsa, igiyar da ka riga ka yi wa alama kowane mita 5. Bayan ka saki abin da lissafi ya ce, ka ɗaure, ka sa ribas a hankali har igiyar ta miƙe, sannan ka ƙara wuta na kusan minti ɗaya. Ka ɗora hannu a kan igiyar gaba da inda aka ɗaure ta: wadda ta kama tana miƙewa tsam ba motsi, wadda ke ja kuwa za ka ji tana karkarwa tana fizga. A lokaci guda ka dubi abu biyu a gaɓa ta gefen jirgi, ɗaya a bayan ɗaya, kamar itace da dutse. Idan sun tsaya a layi, kai ma ka tsaya. Idan angar ta ƙi kamawa sau biyu, ka ɗago ta ka dubi abin da ke jikinta, ka sauya wuri, ko da allon ya nuna ƙasa mai kyau.

Da dare na'urar tana da sauran aiki. Ka saita ƙararrawar ƙarancin zurfi kaɗan ƙasa da mafi ƙarancin abin da ka gani a da'irar, ta yawan zurfi kuma kaɗan sama da mafi yawansa, ta yadda idan jirgi ya fita daga wurin da ka auna za ta tashe ka. Ƙararrawar GPS ta fi wannan aminci, da sharaɗin cibiyarta ta kasance inda angar take, ba inda jirgi ya tsaya bayan an saki igiya ba. Ka rage hasken allo don batir ya kai safe, ka kunna farar fitila da ake gani ta kowane gefe, domin kwalekwalen masunta suna yawo da dare, rigar kariya kuma ta kasance kusa da hannu.

Game da saye, idan taka tana nuna hoton ƙasa ba lamba kaɗai ba, kuma tana da GPS, ta isa ka fara. Idan za ka sauya, abin da na fi ba muhimmanci a ruwanmu shi ne na'urar da ke zana taswirar zurfi da kanta yayin da kake tafiya, kamar Quickdraw na Garmin ko Genesis Live na Lowrance ko AutoChart Live na Humminbird, domin taswirorin da ake sayarwa ba su da cikakken bayanin tafkunanmu, sai dai ka tuna taswirar da ka zana ta matakin ruwan ranar ce. Bayan wannan sai mai duban gefe, wadda ke aiki da kilohaz 455 ko 800, tana share faɗin mita da yawa dama da hagu, ta nuna itace da inuwarsa. A Kainji tana rage aikin kewaya sosai, amma bakinta ba ya aiki ta cikin faiba, sai an rataya shi a sanda a gefen jirgi lokacin bincike. Mai duban gaba kuwa tana da tsada, kuma nisan da take gani ninki kaɗan ne na zurfin, don haka a ruwa marar zurfi, inda aka fi bukatarta, ganinta gajere ne. Da kuɗinta gara ka sayi anga ta biyu ta wani samfuri, da sarƙa mai tsawon mita 8 ko 10, da igiya mai kyau ta mita 60.

A wurin da kake zargin akwai itace ko dutse amma dole ta sa ka kwana, ka ɗaura siririyar igiya a gindin angar, tsawonta ya ɗan wuce zurfin ruwa, da jarka marar komai a ɗaya bakin. Idan angar ta maƙale da safe, ka matsa da jirgi zuwa jarkar ka ja ta baya, yawanci takan fito. Idan ta ƙi, ka gajarta babbar igiyar har ta miƙe tsaye, ka ɗaure, ka tura jirgi a hankali zuwa kishiyar inda aka ja ta da dare. Idan har yanzu ta ƙi, kada kowa ya nutsa cikin rassan itace a ruwan da ba a ganin hannu don ceto ƙarfe. Ka ɗaura jarka a igiyar, ka ajiye wurin a GPS, ka sanar da masuntan ƙauyen, ka ci gaba da angarka ta biyu.